Martani: A Bar Agogon Gadi Ya Fara Ƙirga Tun Daga Kunna Na'ura

Wani ɗan'uwa injiniya, wanda ya daɗe a harkar haɗa ƙananan na'urori masu aiki da hasken rana, ya yi rubutu kwanan baya yana ba matasa masu koyon sana'ar shawarwari. Na ƙaru da akasarin abin da ya faɗa, Allah ya saka masa da alheri. Amma akwai shawara ɗaya da ban yarda da ita ba, kuma ina tsoron in yaranmu suka ɗauke ta suka yi aiki da ita a Anka da Gummi da Bukkuyum, asara za ta biyo baya. Cewa ya yi duk na'urar da za a kai ƙauye a bar agogon gadinta a kashe lokacin da take tashi, kada a kunna shi sai manhaja ta gama hawa komai ya daidaita. Dalilinsa shi ne agogon na katse wa na'ura hanzari tun ba ta gama tashi ba, ya jefa ta cikin mutuwa da farkawa marar iyaka. Ya ƙara da cewa in ma ta maƙale a wannan ɗan lokacin, ai sai a tura wani ya cire waya ya mayar.

Ga mai karatu da ba wannan ce sana'arsa ba, agogon gadi, wanda injiniyoyi ke kira wocdog, ɗan ma'aunin lokaci ne da ke cikin ƙwaƙwalwar na'ura ko a gefenta a kan allo. Aikinsa guda ɗaya ne: yana ƙirga daƙiƙoƙi yana gangarawa zuwa sifiri. Wajibin manhajar da ke tafiyar da na'urar ne ta riƙa taɓa shi kafin ya kai ƙarshe, ya koma ya faro daga sama. In ta sandare ta kasa taɓa shi, sai ya kashe na'urar ya sake tada ta, ba tare da hannun kowa ba. Irinsa na cikin mitar wuta, da kayan ƙarfen sabis, da akwatin da ke sarrafa famfon rijiyar burtsatse mai sola, da 'yar na'urar da ke lura da sanyin firjin allurar rigakafi.

Duk mai bin hanyar Anka zuwa Gummi ta Daki Takwas a shekarun nan ya san al'adar da muka koma. Kafin ka hau mota sai ka ce da mutanen gida, in ba ku ji ni ba zuwa la'asar ku neme ni. Shawarar malam injiniya daidai take da a ce wa mutanen gida kada su fara duba agogo sai matafiyi ya kira ya ce ya sauka lafiya. To wanda ya sauka lafiya, neman me za a yi masa? Haɗarin a kan hanya yake, ita kuwa na'ura lokacin tashinta shi ne hanyarta.

Na'ura ba ta tashi a numfashi ɗaya. Da wuta ta shige ta, wata 'yar manhaja da kamfani ya dasa a cikin ƙwaƙwalwar ce ke fara motsawa. Ita za ta nemo manhajar tada na'ura, irin su U-Boot, daga memori. Wannan ta shirya ma'ajiyar aiki, wato ram, ta ɗauko Linux. Shi kuma Linux ya tattaro kayan da ke jikin allon ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ma'ajiyar fayiloli, sannan daga ƙarshe a kira ainihin manhajar da aka sayi na'urar dominta. A kowace gaɓa ana jiran wani abu ya amsa: katin memori, ko modem, ko ma'aunin zafi. Wanda ya taɓa karanta irin waɗannan manhajoji ya san ba kowane jira aka sa wa wa'adi ba. Wani wurin umarnin kawai shi ne a jira har ya amsa. In bai amsa ba, an zauna ke nan.

Abin da rubutun ɗan'uwana bai duba ba shi ne yawan tashin da na'urorinmu ke yi. Kwamfutar da ke cikin ɗaki mai sanyi a Abuja ko Legas na iya yin watanni ba ta mutu ba, don haka mai ita yana da uzuri in ya raina daƙiƙoƙin tashi. Tamu ba haka take ba. Zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 yana tsufar da batir da wuri. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan faifan sola ta rage abin da yake tarawa. Da batir ya fara gajiya, sai na'ura ta riƙa mutuwa cikin dare tana farkawa da hantsi, kusan kullum. Kuma farkawar ba irin ta danna makunni ba ce. Wutar tana hawa ne sannu-sannu yadda rana ke ɗagawa, ta kai matakin da ƙwaƙwalwa za ta fara aiki alhali katin memori bai ƙoshi ba. Ana cikin haka modem ya farka ya nemi sabis, kuma irin ƙananan modem ɗin nan na 2G suna iya fizgar wuta har amfiya 2 a ɗan ƙiftawar ido. Wuta ta faɗi, ta dawo. Katin memori ya karɓi rabin umarni ya ruɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta zauna jiran amsar da ba za ta zo ba.

Na tsaya gaban irin wannan akwati a wani ɗakin shan magani a yankin Bukkuyum. Yana manne a bango kusa da firji, 'yar jar fitilarsa a kunne, waya ɗaya ta shige cikin firjin ta gefen roba. Ma'aikaciyar da ke wurin ta ce da ni, “Injiniya, ai lafiyarta ƙalau, ga wutarta nan tun safe.” Ba laifinta ba ne, abin da aka nuna mata ke nan. Amma fitilar ba ta shaidar komai sai cewa wuta na shiga. Na'urar ta daɗe da daina aika saƙo. Da aka zare wayar batir aka mayar, ba a yi minti guda ba ta tashi ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Ba abin da ya ƙone a cikinta. Allurar rigakafi kuwa tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye akasarinta, kuma duk kwanakin da akwatin nan ya yi shiru babu mai iya rantsuwa a kan abin da ya faru a cikin firjin da dare. Agogon gadi na cikin allon na'urar. Manhajar ƙarshe aka ɗora wa kunna shi, ita kuwa ba a kai ga kiranta ba.

Yanzu ga babbar hujjar malam injiniya, kuma ba zan raina ta ba, domin gaskiya ce. Zagayen mutuwa da farkawa yana faruwa. Masu koyo da allon Arduino sun sha shi: ƙwaƙwalwar ATmega328P in agogon gadi ya sake tada ta, agogon yana nan a kunne, kuma wa'adinsa ya koma mafi gajarta, kimanin kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Tsohuwar manhajar tada allon kuwa takan tsaya jiran ko kwamfuta za ta turo sabon aiki, jiran da ya fi wannan wa'adi nesa ba kusa ba, sai allon ya yi ta ƙifta fitila har a cire masa wuta. Haka Raspberry Pi: agogon da ke cikin ƙwaƙwalwarsa bai wuce kimanin daƙiƙa 15 ba, alhali binciken fayiloli a kan tsohon katin memori bayan ɗaukewar wuta na iya cin mintoci. Har hukumar NASA ta Amurka ta ga irin wannan rana. A 21 ga Janairun 2004, makonni kaɗan da saukar motar bincikenta Spirit a duniyar Mars, motar ta shiga mutuwa da farkawa babu ƙaƙƙautawa, saboda fayiloli sun yi yawa a ma'ajiyar filash, kuma duk lokacin da ta zo buɗe ma'ajiyar sai ram ɗinta ya cika.

Amma a duba yadda aka warware kowanne. Matsalar Arduino ta ƙare ne da aka sauya manhajar tadawa zuwa Optiboot, wadda ta san da zaman agogon tun daga umarninta na farko. Spirit kuwa abin da ya cece ta shi ne masu ƙirarta sun tanadi hanya ta biyu ta tashi, wadda ba ta taɓa filash ko kaɗan. Da wannan hanyar aka tada ta, aka share fayiloli, ta koma aiki, ta ci gaba da aiko bayanai har Maris na 2010. A duka biyun, gyaran da aka yi shi ne na tsarin tashi. Kashe agogo don tsoron zagaye gudun gara ne a faɗa gidan zago. Na'urar da ke ta mutuwa tana farkawa tana samun sabuwar dama a kowane zagaye: rana ta ƙara ɗagawa, batir ya ƙara ƙarfi, a karo na gaba ta wuce. Wadda ta sandare ba ta da wata dama sai ta ɗan Adam.

Su kansu masu ƙera ƙwaƙwalen ba su tare da malam injiniya. ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ya cika hannun ɗalibanmu saboda arha, yana zuwa ne da agogon gadi a kunne lokacin tashi, da wa'adin daƙiƙa 9 in ba a sauya ba. Ƙwaƙwalen STM32 suna da agogo mai cin gashin kansa, wanda ke tafiya da nasa bugun dabam da na ƙwaƙwalwa, ana kuma iya saita shi ya fara ƙirga da zarar wuta ta shigo, kafin a karanta layin manhaja ko ɗaya. Da ya fara kuwa manhaja ba ta da ikon tsayar da shi. Na i.MX6 ma in an kunna ba a kashewa, kuma yana kaiwa daƙiƙa 128. Da gangan aka yi su haka, don manhajar da ta ruɗe kada ta sallami mai gadinta.

To yaya za a yi da doguwar tashi da gajeren wa'adi? Miƙa hannu ake yi. Manhajar tadawa ta kunna agogon da wa'adi mafi tsawo da ƙwaƙwalwar ta yarda, ta riƙa taɓa shi a ayyukanta masu cin lokaci, ta taɓa shi na ƙarshe daidai lokacin da za ta miƙa wa Linux. Linux yana da tanadin da in ya tarar da agogo a kunne zai karɓi taɓawar da kansa har sai manhajar sama ta zo ta amsa. Nan ne fa ake yin sakaci, kuma ina roƙon masu koyo su riƙe wannan ko da sun manta sauran. In aka bar tanadin yadda ya zo, Linux zai yi ta taɓa agogon ba iyaka, ko da manhajar sama ba za ta taɓa zuwa ba. Agogo a kunne, amma ba ya gadin komai. Saboda wannan giɓin aka ƙara wani saiti mai suna open_timeout a Linux 5.3 a shekarar 2019. Da shi za ka ce: na ba manhajar sama minti 3, ko minti 5, in ba ta karɓa ba a daina taɓawa, a bar agogo ya yi aikinsa. Adadin ba a kan tebur ake yanke shi ba. Auna tashin na'urarka a mafi munin hali, da tsohon kati, da batir mai rauni, bayan an fizge mata wuta tana tsakiyar rubutu, sannan ka ninka abin da ka samu.

Sai maganin zagaye. U-Boot yana da ƙidayar tashi mai suna bootcount. Duk tashi yana ƙara ɗaya, manhajar sama kuma in ta hau lafiya sai ta mayar da ƙidayar sifiri. In ta haura iyakar da ka sa, sai a bi wata hanyar tashi dabam: tsohon kwafin manhaja da aka ajiye a gefe, ko ɗan ƙaramin tsari da ba ya buƙatar katin memori, wanda aikinsa kawai ya bar famfo a yanayin da ba zai yi ɓarna ba ya kuma aika saƙon neman agaji. Malam injiniya ya kuma nuna tsoron kada agogo ya katse sabunta manhaja, kuma wannan tsarin shi ne amsarsa: sabuwar a gefe ake rubuta ta, ba a kan wadda ke aiki ba.

Akwai abu ɗaya da ko masu goyon bayan agogon kan manta. Agogon cikin ƙwaƙwalwa ƙwaƙwalwar kawai yake sake tadawa. Katin memori da modem suna nan da wutarsu da ruɗewarsu. Don haka na'urar da za ta yi nisa da mai gyara ta cancanci ɗan agogo na waje, irin TPL5010 na Texas Instruments wanda ake iya saita shi har zuwa awa 2, a haɗa shi da makunnin da zai yanke wa allon duka wuta na ɗan lokaci. Wannan shi ne cire waya a mayar ɗin da malam injiniya ke so a tura mutum ya yi, kuma kuɗinsa bai kai na man babur zuwa ƙauyen Bagega da dawowa ba.

Malam injiniya ya kawo misalin na'urorin da ke ta sake tashi in babu sabis. Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara makonni a rufe. Duk na'urar da aka rubuta mata cewa ba ta gama tashi ba sai ta ji amsa daga intanet, lallai ta sha wahala a lokacin. Amma laifin na wanda ya ɗaura lafiyar na'ura a wuyan sabis ne. Famfo ba ya buƙatar sabis kafin ya ɗebo ruwa, ma'aunin sanyi ba ya buƙatarsa kafin ya auna ya adana. Rashin sabis yanayi ne da manhaja za ta sani ta yi haƙuri da shi, ba dalilin hana agogo taɓawa ba. Darasin da ni na ɗauka daga waɗannan watanni akasin nasa ne: lokacin da ba mai iya shiga na'ura daga nesa, ba ma mai iya buga waya ya ce ta tsaya, abin da aka dasa a cikinta shi kaɗai ya rage mata.

Maganar a tura wani kuwa, ita ce ta fi sosa mini rai. Wa za a tura? A lokacin rufe sabis ɗin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura. A farkon Janairun 2022 an kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da suka ci rayuka masu yawa. A Agustan 2024 ambaliya ta shafe unguwanni a garin Gummi. Da damina akwai ƙauyukan da ko lafiya lau ake sai an jira gulbi ya janye. Yaron da za a ɗora a babur ya je ya zare waya ya mayar ɗan wani ne, kuma ba daidai ba ne mu sa ransa a hanya saboda layi biyar na saiti da muka ƙi rubutawa. Yankin da ya binne yara sama da 400 a annobar gubar dalma ta 2010, a Dareta da Abare da 'Yargalma da maƙwabtansu, ya san abin da ruwa mai tsabta da asibiti mai aiki suke nufi. Kayan da ake kai wa irin wannan wuri su ya kamata su fi na ko'ina iya tada kansu.

Malam injiniya ya kuma ce agogon gadi na rufa wa mugun aiki asiri, na'ura ta riƙa farfaɗowa ba a san tana da ciwo ba. Haka ne in an yi aikin rabi. Kusan kowace ƙwaƙwalwa tana ajiye alamar abin da ya tada ta, ko shigowar wuta, ko faɗuwarta, ko agogon gadi. A karanta wannan alama da zarar an tashi, a rubuta ta tare da gaɓar da aka tsaya, a aika in sabis ya samu. A Yulin 1997 na'urar Pathfinder ta yi ta sake tada kanta a duniyar Mars, kuma wannan ne ya sa injiniyoyi suka bi sawu a kwafin da ke hannunsu a ƙasa, suka gano wani ƙaramin aiki ne ke riƙe abin da babban aiki ke jira, suka aika gyara. Abin da ke rufa wa mugun aiki asiri na gaske shi ne dabarar da nake gani a ayyukan wasu ɗalibai, ta sa wani bugun lokaci dabam ya riƙa taɓa agogon a kai a kai ko babban aiki ya tsaya. Wannan cin amana ne. Kada a taɓa agogo sai kowane muhimmin aiki ya nuna ya motsa. In kuwa damuwar malam ita ce agogo na damun sa a teburin gwaji, STM32 da ire-irensa suna da saitin da ke tsayar da ƙirga duk lokacin da mai gyara ya dakatar da ƙwaƙwalwa. A yi amfani da shi a shago, kada a fita da shi.

Ɗan'uwa, ina roƙon ka sake duba wannan shawara ka gyara ta a rubutunka na gaba, domin yara da yawa suna ɗaukar maganarka a matsayin hujja, kuma ka cancanci hakan a sauran abin da ka faɗa. Su kuma jami'an ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji da kwamitocin gari masu karɓar irin waɗannan kaya daga hannun 'yan kwangila, ba sai kun iya rubuta manhaja ba. Kafin ku sa hannu, ku ce a zare katin memori a kunna na'urar a gabanku, ku ga ko za ta sake gwada tashi da kanta. Ku ce a cire layin waya, ku ga ko za ta ci gaba da aikinta. Ku ce a fizge mata wuta tana tsakiyar tashi a mayar, a maimaita. Wadda ta tsaya cik tana jiran hannun mutum, kada ku karɓe ta, kuma kada ku biya kuɗinta.